Namijin ake buɗewa, ɗana

Ka tambaye ni yadda za ka bambance ƙananan ƙwarin nan na tsibirin Sulawesi da ke ƙasar Indonesiya, wai duk baƙaƙe ne kamar habbatussauda. To, a idon kowa haka suke. Dangin Trigonopterus ne, milimita 2 zuwa 3, ba sa tashi, shi ya sa kusan kowane dutse da kurminsa yake da nasa iri. A 2019 masanin ƙwari Alexander Riedel da abokin aikinsa sun bayyana sababbi 103 daga tsibirin nan kaɗai. Kai kuma kana so ka ɗauke su hoto da waya ka gama kafin la'asar.

Jiƙa ƙwaro da liƙa shi a kati ba zan koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma gida. Duba ɗigo-ɗigon da ke kan murfin fiffike, da ɗan haƙorin da ke cinya, da tsagin hanci. Amma waɗannan sukan ruɗe ka. Namijin ake buɗewa. Ka cire cikin, ka sa a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari har naman ya narke, ka zaro al'aurar da hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Siffar bakinta ce take raba maka gardama.

A nan aka cuce ni. Wani mai tara ƙwari ya taɓa kawo mini akwati guda daga tsibiran can, kowane ƙwaro da takardarsa: sunan dutse, tsayin wurin, ranar kamu. Wata uku ina kansu, har idona na hagu ya fara ruwa. Saura maza goma sha takwas zazzaɓi ya kwantar da ni, na bar wa wani yaro, na ce masa ɗaya bayan ɗaya, kowace al'aura a 'yar kwalbarta ta ruwan gilisarin mai hana ta bushewa, a soke ta a allurar da ke riƙe da ƙwaron mai ita. Da na dawo sai na tarar ya zuba duka goma sha takwas a faranti ɗaya, wai ya fi sauri. Suna yawo a ruwa kamar dusa, shi kuwa har da murmushi yana jiran yabo. Wace ce ta wane? Na kwana biyu ina gwada su da jikkunan, a banza. A cikinsu akwai biyu da na tabbata ban taɓa ganin irinsu ba, kuma shekarata talatin a wannan aiki. Mutumin ya kwashe akwatinsa, ko sisi bai ba ni ba, ya bi gari yana cewa hannuna ya tsufa. Hannuna!

Yaran yanzu gaggawa ce ta cinye ku. Gobe ka zo da sassafe, ka bar wayar nan a aljihu. Namiji ɗaya zan ba ka, ina tsaye a kanka.