Kan Biri a Kwanon Miya

Kai ja'iri, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini har sau biyu. Wai a can ƙasar Sin an ba ku wani naman kaza fari mai gashi-gashi da ke tsirowa a jikin itace, suna ce masa "kan biri", shi ne kake tambaya ko ya halatta tunda mu ba ma cin biri. Na yi dariya har da tari. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi: ashe sai da ka kai baki sannan ka tuna da tambaya?

Kai a hoto ka san biri, ni kuwa na yi gadinsa. Shekarar samun 'yancin kai, 1960, ina ɗan shekara goma, gonar gyaɗarmu tana bakin dajin Falgore. Jan biri ɗan ƙasa ne, in ya zura da gudu kare ma haƙura yake. Babban namiji ɗaya ne a garke, shi ke hawa suri yana leƙe, matan na tonon gyaɗa. Wata safiya bayan ruwan dare na sakar masa majajjawa, ya dira ya bar mini surin. Ko da na isa, sai ga naman kaza a gindinsa, hularsa kamar faifai, doguwar ƙafarsa ta nutse har cikin gidan gara. Ɗaya da shatin haƙori a jiki. Na cika hulata na sheƙa gida ina murna, ai biri ya ci bai mutu ba.

Inna ta karɓa ta watsar bayan danga. Ta ce biri ya yi kama da mutum, amma cikinsa ba irin naka ba ne. Na suri, in ji ta, maƙwabtanmu na miya da shi lafiya lau don sun gaji saninsa. Mu ba mu gada ba, kuma mai kisa da mai ƙosarwa rigarsu ɗaya. Duk lemar kwaɗi take ce musu. Baffa na gefe yana dariya, wai biri a hannun malam guɗa yake, a hannun Bamaguje sai kuka.

Ku 'yan yanzu duk abin da aka zuba a faranti mai kyau sai ku ɗauki hoto ku haɗiye. Batun halacci ka nemi malami, ko da yake suna ba ya mai da tsiro dabba. Ni abin da nake son ji, noma shi aka yi ko a daji aka tsinto, kuma wa ya tsinto? Kuɗin da uwarka ke aiko maka, a nan suke tafiya?