Filashin Ceto Ya Tashi, Amma Bai Ga Faifan Kwamfuta Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gyaran kwamfuta a Ƙofar Ƙaura. Akwai filashin da na ɗora wa Hiren's BootCD PE tun da daɗewa, da shi nake tayar da kwamfuta in Windows ta ƙi tashi, in kwashe wa mutane fayilolinsu. Wata ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta kawo mini HP mai Core i5 zubi na 11, aikin kammala digirinta yana ciki. Filashin ya tashi lafiya lau, amma faifan ajiyar bai fito ba sam. Abokin aikina ya ce faifan ya mutu. In faɗa mata haka? Daga mai gyara, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar tayar wa yarinya hankali. Fara shiga Bayos, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi (a HP, maɓallin F10 ne), ka duba. In Bayos yana ganin faifan, to da ransa, filashinka ne bai da idon ganinsa.

Daga zubi na 11, yawancin kwamfutocin Intel suna zuwa da wani tsari mai suna VMD a kunne, wanda ke tsayawa tsakanin babbar manhaja (kamar Windows) da faifan NVMe, wato faifan ajiya na zamani mai sauri. Hiren's kuwa a kan Windows PE aka gina shi, wato ƙaramar Windows mai tashi daga filashi, kuma tsohon zubinsa bai san direban VMD ba, wato 'yar manhajar da ke ba shi damar ganin faifan ta cikin VMD.

Na san abin da masu gyara suka saba yi: a kashe VMD a Bayos, faifai ya bayyana. Yana aiki, amma ni ba na son sa. In ka manta ba ka mayar ba, Windows ɗin da ke ciki za ta tarbe ka da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Taɓa Bayos, musamman saitin tsaro na Secure Boot, kan sa BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, ya nemi makullinsa mai lambobi 48. Tun kafin ka taɓa komai, tambayi ɗalibar ko tana iya shiga asusunta na Microsoft, don galibi can makullin yake. In faifan a kulle yake kuma babu makulli, babu filashin da zai buɗe shi, ko da wa ya haɗa.

Hanyar da na fi so ita ce ka sauko da direban Intel Rapid Storage Technology daga shafin HP na wannan samfurin, ka warware shi, ka zuba a filashi. Bayan Hiren's ya tashi, buɗe baƙin allon umarni ka rubuta drvload, ka bi shi da adireshin fayil ɗin iaStorVD.inf. Sai ka shiga diskpart ka ba da umarnin rescan. Sai dai da ka kashe kwamfutar direban ya tafi. In kana so ya zauna dindindin, ka buɗe fayil ɗin boot.wim da ke cikin foldar sources ta Hiren's da umarnin DISM na Windows, ka ƙara direban da Add-Driver, ka rufe da Commit. Ajiye kwafin asalin fayil ɗin tukuna.

Kuma mai shago bai kamata ya dogara da manhajar ceto ɗaya ba. Ajiye SystemRescue, wanda ke kan Linux, don shi galibi yana ganin irin waɗannan faifan ba tare da an ƙara masa komai ba. Da faifan ya fito, kwashe aikinta kafin ka fara gyaran Windows.

TAMBAYA: Malam, ina son zuba ISO ɗin Windows 11, wato fayil ɗin da ake ɗora ta da shi, a filashina, yana cewa fayil ya yi girma, alhali filashin giga 32 ne kuma babu komai a ciki. Daga wata mai karatu, Daura.

AMSA: Hajiya, filashinki a tsarin FAT32 yake, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Ki ɗora masa Ventoy, wanda ya fito a 2020 don tayar da kwamfuta daga ISO a filashi: yana mayar da shi tsarin exFAT mai karɓar manyan fayiloli, daga nan kwafi kawai za ki riƙa yi, ISO nawa kike so, ki zaɓa lokacin tashi. Ɗora Ventoy zai goge duk abin da ke cikin filashin. In filashin na araha ne, gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin cikinsa, don akwai jabu masu nuna 32 alhali cikinsu bai kai ba.