Ɗana ya sayo gangar jikin bindiga a New York, ina matsayinmu a doka?

Tambaya: Barista, shekarata tara a Bronx, cikin birnin New York, ina tuƙin tasi, da girin kad (takardar izinin zama na dindindin) nake zaune. Ran Asabar mai ɗakina tana sharar ɗakin ɗanmu mai shekara 19, ta ci karo da kwali a ƙarƙashin gado. A ciki akwai wata roba mai siffar ƙaramar bindiga da 'yan ƙarafa. Yaron ya rantse ba bindiga ba ce, wai "kashi 80" ake ce mata, sai an huda ta kafin ta yi harbi, kuma wai doka ta yarda. Shi ma girin kad gare shi. Barci ya gagare ni. In jefa ta a bola ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah Ya kwantar maka da hankali. Kada ka jefar da ita tukuna, kuma tun yau ka hana yaron nan taɓa ta.

Abin da kuka gani shi ne gangar jikin bindiga, ɓangaren da kunama da sauran kayan cikinta suke zama. A dokar tarayyar Amurka ta 1968, wannan ɓangaren kaɗai ana lissafa shi a matsayin bindiga, shi ake buga wa lamba. Sai 'yan kasuwa suka riƙa sayar da shi ba a ƙarasa ba, shi ne ake kira "kashi 80", suna cewa roba ce kawai, babu lamba, babu binciken mai saye. Idan aka ƙarasa, ita ce 'yan sanda ke kira bindigar fatalwa, don ba a iya bin sawunta.

Maganar ɗanka tana da tushe, sai dai tsohon labari ya riƙe. Gaskiya ne dokar tarayya ba ta hana mutum ƙera bindiga don amfanin kansa ba, muddin ba ya cikin waɗanda aka haramta wa mallaka. Amma a watan Agusta na 2022 hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi a matakin tarayya, ta fara aiki da ƙa'idar da ta ce kayan da ake iya haɗawa cikin sauƙi su zama bindiga, bindiga ne: sai mai lasisi zai sayar, sai da lamba, sai an binciki mai saye. An kai ƙara har Kotun Ƙoli, a watan Maris na 2025 alƙalai 7 cikin 9 suka bar ƙa'idar a tsaye.

Ku kuwa ba ma wannan ce damuwarku ba. Jihar New York tana da nata dokokin, waɗanda Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a Oktoban 2021, kuma sun fi na tarayya tsauri nesa ba kusa ba. A nan, ajiye gangar jikin da ba a ƙarasa ba laifi ne ga wanda ba shi da lasisin gyara ko sayar da bindiga, ko da bai taɓa kai mata ƙarfe ba. Hukuncinsa yana iya kai wa kwana 364. Ranar da yaron ya ƙarasa ta, ta zama ƙaramar bindiga marar lasisi, babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai wa shekara 4. In ya ɗura mata harsashi ya fita da ita titi, mafi ƙarancin ɗauri shekara 3 da rabi ne. Lasisin ma ba zai samu ba yanzu, sai ya cika shekara 21.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardunku. Dokar shige da fice ta sanya laifin bindiga cikin dalilan korar mai girin kad, komai daɗewarsa a ƙasar. Ko wane laifi ne zai kai ga kora, wannan ya danganta da sashen da aka yanke hukunci a kansa, kuma lauyoyi suna fafatawa a kai. Amma yaron da ya girma a nan, karatunsa da abokansa duk a nan, bai kamata a jefa zamansa cikin irin wannan caca ba saboda robar da ya saya don burgewa. Kai ma ba ka tsira gaba ɗaya ba. Gidanka ne, yanzu ka san abin yana ciki, mai gabatar da ƙara yana iya cewa yana ƙarƙashin ikonka.

Bola ba mafita ba ce. Gidajen Bronx cike suke da kyamara, wani yaron yana iya tsinta, kuma sunan ɗanka yana nan a takardar saye. Ba wa aboki ko sayarwa wani laifin ne daban. Kada kuma ka sa ta a motar da kake aiki da ita.

Hanyar da doka ta buɗe ita ce miƙawa da kanka. Dokar laifuka ta New York tana kare wanda ya miƙa makami ga 'yan sanda bisa raɗin kansa, matuƙar ya bi sharuɗɗan da suka gindaya. Sharuɗɗan nan su ne dalilin da ya sa ba na so ka saka kwalin a leda ka nufi ofishinsu kai tsaye. Ka nemi lauyan laifuka a makon nan, wanda ya san harkar shige da fice, shi ya shirya yadda za a miƙa. Ofishin babban lauyan jihar ma yakan shirya ranakun karɓar bindigogi ba tare da tambayar suna ba, lauyan zai duba ko akwai na kusa.

Ka zauna da yaron a tsanake, ba da faɗa ba, ka ji ko wannan kaɗai ya saya, ko akwai harsashi, ko ya ɗora hoto a Instagram. Kada ya goge komai a wayarsa kafin lauya ya gani. Idan kuwa 'yan sanda suka riga ku zuwa, ku tambaye su takardar izinin bincike daga kotu, ku ce ba za ku yi magana ba sai da lauya. Kuma kada ɗanka ya amsa wani laifi a kotu, ko da an ce masa ƙarami ne zai koma gida a ranar, sai an gaya masa a fili abin da amsawar za ta yi wa girin kad ɗinsa.