Ku Tambaya: Mota, Babur Ko Direba A Tsaunukan Arewacin Tailan?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan wuri ɗaya, wato arewacin Tailan, ƙasar tsaunuka da gidajen bautar mabiya Buddha da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Mutanenmu da yawa sun san Bankok saboda saro kaya, amma kaɗan ne suka taɓa haurawa Chiang Mai, wadda ke da nisan kusan kilomita 700 daga can. Na zaɓo tambayoyi biyar, na gajarta su.

Daga wani ɗan kasuwa a Kano: "Sau biyu nake zuwa Bankok a shekara. Wannan karon ina so in tafi da uwargida mu ƙara kwana biyar mu ga arewa. Wani ya ce in ɗauki hayar mota in tuƙa da kaina, ya fi sauƙin kuɗi. Shekarata ashirin ina tuƙi. Me ka gani?"

Alhaji, ka ɗauki direba. Ban raina shekarunka ashirin a kan sitiyari ba, sai dai duk a hannun dama ka yi su, su kuwa mutanen Tailan hagu suke bi, sitiyarinsu yana dama. A miƙaƙƙen titi mutum kan saba cikin yini ɗaya. Matsalar ita ce titin da za ka bi ba miƙaƙƙe ba ne. Hanya mai lamba 1095, wadda ke kai mutum garin Pai daga Chiang Mai, ba ta kai nisan Kano zuwa Katsina ba, kilomita 130 ce da 'yan kai, amma kwanoninta 762 ne, kuma sai ta ci awa uku ko fiye. Idan kwana ta zo maka ba shiri, ga babbar mota ta ɓullo, hannunka zai koma inda ya saba, kuma inda ya saba shi ne layin masu tahowa.

Akwai kuma gangara. Na taɓa tsayawa a gefen wannan hanya kusa da wata motar haya da ke tashin ƙauri, hayaƙi na fita daga ƙafafunta na gaba. Mai ita baƙo ne, tun daga saman dutse ƙafarsa ke kan birki har ya yi zafi ya fara ƙin kamawa. Direban da ya ɗauko ni bai ce komai ba, sai ya nuna mini giyarsa: tana ta biyu, injin ne ke riƙe motar, birki kuwa taɓawa kawai yake yi ya saki. Wannan sanin ne kake saye idan ka biya direba. Ga shi kuma kai da Hajiya za ku samu damar kallon abin da kuka je kallo, domin mai tuƙi a wannan titi ba ya ganin komai sai farin layi.

Kafin ku shirya da direba, ka tambaye shi abu uku a rubuce: shin kuɗin ya haɗa da mai, wa zai biya masa wurin kwana da abinci, kuma awa nawa ne yininsa. A nan rigima take fitowa. Ka kuma gaya masa tun farko ba kwa son a biya da ku shagunan tsaraba da ba ku nema ba.

Sai maganar kwana biyar. Cikakken zagayen da ake kira na Mae Hong Son kusan kilomita 600 ne: daga Chiang Mai zuwa Pai, zuwa garin Mae Hong Son kusa da iyakar Miyanma, a gangaro ta hanya mai lamba 108 zuwa Mae Sariang, a dawo ta gindin tsaunin Doi Inthanon. Ana iya yin sa a kwana huɗu, amma za ku dawo da ciwon baya da hotunan da ba ku tuna inda aka ɗauke su ba. In da ni ne, zan yi kwana biyu a Chiang Mai, biyu a Pai, in bar na biyar ɗin don dawowa a natse. Zagayen gaba ɗaya a bar shi sai ranar da kuka samu mako guda. Hajiya ta sha maganin hana amai rabin awa kafin ku tashi, kuma ita za a ba kujerar gaba.

Idan ka ce lallai sai ka tuƙa, to ka tafi da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida, ka sayi inshora mai cikakken ɗaukar nauyi, ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo a gaban mai ita kafin ka karɓi makulli, kuma kada magariba ta same ka a kan dutse.

Daga wani ɗalibi a Malesiya: "Mu uku ne, muna so mu yi zagayen a kan babur lokacin hutu. Na iya babur tun ina yaro. Ƙarami zan ɗauka ko babba?"

Ƙanena, hannun hagu ba zai ba ka wahala ba tunda a Malesiya ma shi kuke bi. Abin da nake so ka duba shi ne lasinka. Iya babur daban, samun lasin babur daban. Yawancinmu lasin mota muke da shi, kuma mai ba da haya ba lallai ya tambaye ka ba. 'Yan sanda a shingayen Chiang Mai su za su tambaya, tararsu kuma ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce inshorar tafiya, wadda yawanci ba ta biyan kuɗin asibitin wanda ya faɗi a kan babur ba shi da lasinsa ko ba shi da hular kwano. A Pai ba ka yini ba ka ga baƙo da bandeji a gwiwa ba.

In takardunka sun cika, ƙaramin babur mai injin 125cc ya isa mutum ɗaya da ƙaramar jaka. Mutum biyu a kansa kuwa zai riƙa nishi a hawa, birkinsa ya wahala a gangara, saboda haka kowa ya hau nasa. Ka matsa birki biyun ka duba zanen taya kafin ka biya. Idan aka ce ka ajiye fasfo jingina, ka ce za ka ajiye kuɗi da kwafinsa. Wanda ya ƙi, ga wani shagon nan gaba. Ka cika tanki a kowane babban gari. Lambar motar asibiti 1669, ta 'yan sandan da ke kula da masu yawon buɗe ido 1155.

Daga Kaduna: "Na ga tikiti mai rahusa a watan Maris. In saya?"

Kada ki saya. Daga wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ake ƙone gonaki da daji a arewacin Tailan da maƙwabtanta, hayaƙin ya kwanta a cikin kwaruruka ya ƙi tashi. Ki ƙaddara hazon hunturu ne mai kauri, amma na toka, ga kuma zafi. Tsaunukan da kika biya kuɗi don ki gani ba za su ganu ba, mai asma kuwa bai kamata ya kusanci wurin ba. Lokacin zuwa shi ne Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A Nuwamba ma akwai ƙarin riba, domin tsaunin Doi Mae U Kho da ke kusa da Khun Yuam yakan rufe da furanni ruwan ɗorawa. Ki tafi da rigar sanyi ta gaske, saboda ƙololuwar Doi Inthanon mita 2,565 ce, babu wadda ta fi ta tsawo a ƙasar, kuma sanyin asubarta ya fi na Jos cizo. Katin rigakafin shawara ma ki neme shi da wuri, ana tambayar 'yan Najeriya da Nijar shi a filin jirgi.

Daga wata Hajiya a Zariya: "Duk tsarin yawon da aka turo mana cike yake da gidajen bauta. Mu Musulmi ne. Dole ne mu shiga? Kuma yaya za mu yi da abinci da salla?"

Hajiya, ba dole. Hukuncin shiga ki tambayi malaminki, ni abin da zan iya faɗa miki shi ne yadda wuraren suke. Babu mai cewa ki rusuna ko ki kunna turare. Abin da suke nema ga baƙo shi ne ya cire takalmi, ya rufe kafaɗa da gwiwa, ya rage murya, kada ya zauna ya miƙe ƙafa wajen gunkin, mace kuma kada ta taɓa limamansu masu sa tufafi ruwan lemo ko ta miƙa musu abu hannu da hannu. Hijabinki ya riga ya cika sharaɗin tufafin.

Yawancin gidajen nan a kan dutse aka gina su, don haka ko ba ki shiga ɗakin gunki ba, harabar kaɗai ta biya ki. Doi Suthep, wanda ke saman Chiang Mai, yana da matakala sama da 300, akwai kuma na'urar hawa ga wanda gwiwa ta hana, daga sama birnin duka yana shimfiɗe a gabanki. A Mae Hong Son akwai Doi Kong Mu mai fararen hasumiyoyi biyu irin ginin ƙabilar Shan, inda da sassafe za ki ga hazo ya cika kwarin, garin na fitowa daga cikinsa a hankali. Shawarata ki ce a rage. Biyu ko uku sun isa. Masu shirya yawo suna cusa guda takwas ne don takardar ta yi tsawo, ke kuwa daga na huɗu sai su fara yi miki kama da juna.

Lokacin da kika rage, ki kai shi masallacin Ban Ho da ke kusa da kasuwar dare ta Chiang Mai. Musulmin da suka gangaro daga lardin Yunnan na ƙasar Sin da ayarin alfadarai su suka kafa shi, kuma layin da yake cike yake da abincin halal. A can ki ci khao soi, taliya ce cikin romon kwakwa mai kayan yaji, da kaza ko naman sa, an barbaɗa soyayyar taliya a sama, ga albasa da lemon tsami a gefe. A tsakiyar Pai ma akwai masallaci da masu sayar da abinci Musulmi. A ƙauyuka ne za ki yi hattara, domin naman alade shi ne naman yau da kullum, har a cikin romo da man suya. Ki haddace "mai kin mu", ma'ana ba na cin alade, amma ya fi tabbas ki sayi ƙwai dafaffe da ayaba da shinkafa mai danƙo, ki kuma duba tambarin halal mai kusurwa huɗu a jikin kayan kanti.

Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu: a can alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa. Wanda ya saba cewa "gabas" ya tsaya ya duba wayarsa kafin ya ta da kabbara.

Daga Maraɗi: "Mahaifiyata na fama da ciwon gwiwa da hawan jini. An ce ruwan zafin can magani ne. Wanne za mu kai ta, kuma ya dace mu biya ɗakin wanka na musamman?"

Allah Ya ba Inna lafiya. Ruwan ɗumi yana sassauta gaɓoɓi ya rage zogi na ɗan lokaci, iyakar abin da zan yi maka alkawari ke nan. Mai hawan jini kuwa sai da izinin likitanta, domin zafi yana buɗe jijiyoyi, mutum ya miƙe daga ruwa jiri ya ɗebe shi.

Idan ka san Wikki ta Yankari, wadda ɗuminta ke wajen digiri 31, kada ka auna waɗannan da ita. San Kamphaeng, da ke gabashin Chiang Mai tafiyar ƙasa da awa ɗaya, ruwanta tafasasshe ne, yana tsartuwa sama da tururi da warin farar wuta. A bakin ƙofa ana sayar da ƙwai a ɗan kwandon gora, ka rataya shi a ƙugiya cikin kwamin ruwan, ga allo an rubuta mintoci nawa ke ba da ruwa-ruwa, nawa ke ba da dafaffe. Daga nan aka ja ruwan a doguwar magudana ta cikin lambu, yana hucewa yana tafiya, mutane na zaune a gefe sun tsoma ƙafa. Nan ne wurin Inna. Ku fara daga can ƙarshe inda ya huce, ka fara sa hannunka, sannan ku matso har inda ta ce ya yi mata. Za ta zauna da zanenta da mayafinta, gwiwa cikin ruwa, ba hawa ba gangara.

Tha Pai, kusa da Pai, tana cikin daji, kyakkyawa ce, amma sai an ɗan taka, duwatsunta na da santsi, kuma ruwan da ke wajen idon maɓuɓɓugar ya kai digiri 80. Maɓuɓɓugar Sai Ngam, ita ma a yankin Pai, ɗuminta kaɗan ne, ruwan garau, ita ce ta fi kama da Wikki, sai dai hanyarta na da tsananin hawa, kuma maza da mata a haɗe suke wanka.  Dukkansu ana biyan kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ka riƙe tsabar baht, kuɗin ƙasar.

Ɗakin wanka na musamman kuwa, ƙwarai, ka biya. A San Kamphaeng akwai ɓangaren mata daban da ɗakuna masu ƙofa, da famfon zafi da na sanyi don ta haɗa yadda take so. Kada ta wuce minti goma zuwa goma sha biyar, ta sha ruwa kafin ta shiga, ta cire azurfarta domin farar wuta na baƙanta ta, kuma 'yar'uwarka ta shiga tare da ita, kada a kulle ƙofa ta ciki.