Tambayi Kawu: Shirin jirgin ƙasan nan da ya hana wayata hutawa

Jama'a assalamu alaikum. Tun daren da aka haska shirin nan na talabijin a kan ma'aikatan reluwe da tafiyar jirgin ƙasa saƙonni ke shigowa sai kace ruwan Agusta, wasu yabo wasu faɗa, wani ma cewa yayi in kai wa masu shirin ƙorafinsa kamar ni na ɗauki kyamarar. Ga kaɗan daga ciki.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗiyar ma'aikacin reluwe ce, a kwatas ɗinsu na tashi, Baba ya daɗe da rasuwa. Wallahi da naga dattijon nan a shirin yana tafe kan dogo da guduma a kafaɗa sai hawaye, don haka Baba yake fita da asuba. Yarana suka ce Umma wai me yake bugawa, na rasa amsa, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Sannan me ya hana a ɗora sabbin jiragen nan kan dogonmu na da su zo har Ƙauran Namoda? (Wata uwa daga Gusau)

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, 'yata. Ki gaya wa yaran da kunne kakansu yake aiki. Kin san yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya? Mai lafiya sai tayi ƙara garau, mai tsagu kuwa sai kiji ta a dushe. To haka ƙarfe yake. Mai duba dogo ana yanka masa yankinsa, ya taka shi da ƙafa yana bugun noti da farantan da suka haɗa dogo da dogo, wanda ya kwance ya ɗaure, inda ruwan damina ya kwashe tsakuwar ƙarƙashi ya kai rahoto da gaggawa, don jirgi bai san rami ba sai ya faɗa. A tasha kuma akwai masu bin ƙafafun taragu suna ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, duk dabara ɗaya ce. Kuma ɗan gibin nan da ake bari tsakanin dogo biyu ba ganganci bane, ƙarfe yana miƙewa in rana ta ƙwalle, in bai samu wurin miƙewa ba sai ya lanƙwashe, shine ma ke bada ƙaƙas-ƙaƙas ɗin nan da ke sa fasinja gyangyaɗi. Abin da ya ɗan ɓata min rai a shirin, dattijon bai samu ko minti biyu ba, amma an daɗe ana nuna mana kujeru masu laushi da na'urar sanyaya ɗaki.

Batun sabbin jirage kuwa, faɗin dogon ne ya bambanta. Na Turawa, har da naku da ya taso daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura a 1929, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Sabon irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne. Bambancin ya haura ƙafa guda, ƙafafun sabon jirgi ba za su ma zauna a kai ba, kamar ki ce za ki sa wa ƙato takalmin yaro. Ko dai a gyara tsohon a sa masa irin jirginsa, ko a shimfiɗa sabo fil.

TAMBAYA: Kawu a shirin ance jirgi ya iso Kano a 1911, kakana kuma kullum cewa yake saboda gyaɗa Nasara ya kawo dogo. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi daga Fagge, Kano)

AMSA: Ɗana, kaka ya faɗi rabin gaskiya, kar kaje kace masa Kawu ya ƙaryata shi. Gyaɗa ce ta cika taragun, amma ba ita Bature ya zo nema ba, auduga yake kwaɗayi saboda masaƙun Lancashire a Ingila. An fara aikin ne a 1907 daga Baro a bakin Kogin Kwara, zamanin Gwamna Girouard wanda shi kansa injiniyan dogo ne, dogon ya iso Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da wanda ya taso daga Legas ta wajen Minna. Kafin a gama gadar Jebba ma a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu.

To sai manomin Kano yayi nasa lissafin. Auduga dai masaƙa da marinan gida suna sayenta da daraja fiye da farashin Bature, gyaɗa kuma tana kawo kuɗin haraji, in kasuwa ta ƙi a ci abarta a gida, harawa a ba dabbobi. Kafin kace kwabo tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa, daga baya aka shiga jera su dala-dala, su Alhassan Ɗantata suka yi suna a harkar. Abin da shirin ya tsallake, kuma bai kamata ba, shine su waye suka haƙa ƙasar nan suka ɗauki kwandon a ka. Talakawa ne, da yawansu aikin tilas ne ta hannun hakimai da dagatai. Haka ba a ambaci yajin aikin gama-gari na 1945 ba wanda ya haura kwana 40, da 'yan reluwe irin su Michael Imoudu a kan gaba, inda jirage suka tsaya cik Turawa suka san cewa ba kwal ɗin Enugu kaɗai ke jan jirgi ba.

TAMBAYA: Ni fa direban jirgin nan na cikin shirin ya bani haushi, yana cewa in ya hango mota a kan dogo sai dai ya danna hon yayi addu'a. Birkin na ado ne? (Direban tirela daga Kafanchan)

AMSA: Haba direba, kai da ka san tirela da lodi ba ta tsayawa kamar Keke Napep. Kai roba ce a kan kwalta, shi ƙarfe ne a kan ƙarfe, santsi ne zalla, ga nauyin taragu na turo shi ta baya. Jirgi mai kaya in yana gudu sai ya ci kilomita guda ko fiye bayan an taka birki, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce. Yana takawa, tsayawar ce ba a hannunsa take ba. Ku da ke kutsa kai a mararraba don kar a ɓata muku minti uku, da ku yake.

TAMBAYA: Kawu ni dai talla na gani. Yaya za a yi shiri kan jirgin Abuja a ƙi maganar harin da aka kai? Tun lokacin ban ƙara hawa ba, maigidana yana ta lallashina. (Wata daga Rigasa, Kaduna)

AMSA: Ƙanwata ban ce duk talla bane, amma a nan kin fi su gaskiya. Ran 28 ga Maris 2022 aka dasa bam a dogon a wajen Katari, aka kashe mutane aka kwashi wasu zuwa daji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Wata takwas da 'yan kwanaki kenan a layin da aka buɗe a Yulin 2016 aka yi ta murna an huta da fargabar titi. A cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da ma'aikatan jirgin, waɗanda washegarin buɗewa dole su koma bakin aiki ko suna tsoro ko ba sa yi, da an ba ɗaya daga cikinsu makirfo da shirin yafi haka nauyi. Hawa kuwa ba zan ɗaure miki gindi ba kuma ba zan hana ki ba, tsoronki yana da dalili. In kin yanke shawara ki ɗauki na safe ko na rana, ki sayi tikitinki da kanki ta intanet ko a taga, kar ki bi ta hannun masu raɓe-raɓe a bakin tasha, kuma shi mai lallashin ya raka ki a karon farko, daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja kilomita 186 ne kawai.

Ɗan'uwa daga Maraɗi da ka tambayi dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya iso muku, saƙonka ya iso amma shafi ya cika, edita na hararata. Kai zan fara ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.