Tambaya da Amsa: Gigin tsufa, ta ina masu bincike ke gane shi?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Babanmu ne, ya haura shekara 75, yanzu sai ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, rannan ya fita masallaci sai bakin kasuwa aka tsinto shi. Wasu sun ce gigin tsufa ne a ƙyale shi, wasu sun ce sammu ne. Don Allah mi masu bincike suka gano, kuma ta ina suke ganowa tunda ba buɗe kan mutum suke ba? Daga wata 'yar'uwa a Talata Mafara.

Amsa: Wa alaikis salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ai kuwa da buɗe kan aka fara. A 1906 wani likita a Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi shekaru tana ruɗewa, sai ya ga wani abu ya dunƙule tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, wani kuma ya cukurkuɗe a cikinsu kamar zare. Su ake kira amyloid da tau, cutar da ke kawo irin wannan gigin tsufan kuma aka sa mata sunansa, Alzheimer, har yau a kansu ake ta fama. Yanzu dai akwai hoton MRI da ke nuna inda ƙwaƙwalwa ta motse, akwai wani hoton da ake kira PET, akwai ɗibar ruwan ƙashin baya, har gwajin jini ya fara shigowa.

Amma ni wanda ya fi burge ni ba na inji ba ne. A 1992 aka fara wani bincike tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka, suka riƙa bin tsofaffi gida gida shekara da shekaru, a yi wa tsoho tambayoyi a ga abin da ya riƙe, sannan a zauna da wanda ke kula da shi a ji ya yake jiya ya yake yau, kuma aka ga cutar ta fi kama baƙaƙen fatar can fiye da Yarbawan Ibadan. Nan aka ƙara zargin hawan jini da ciwon suga da irin cimar mutum, ba gado kaɗai ba.

Magani kuwa gaskiya da saura, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, rage gudun cutar kawai yake, ga ɗan karen tsada.

Kar ku ƙyale shi. Ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo ma na kawo ruɗewa, su kam ana maganinsu. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya manta da ranar, ku kai shi asibitin tarayya na Gusau (FMC) ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kuma wanda ya fi zama da shi ya raka shi, don shi likita zai fi yi wa tambaya. Masallaci kuma a haɗa shi da jika.