Madatsar ruwa ta ƙasa a gonata: alhakin wa?

Tambaya: Na sayi gona mai ƙaramar madatsar ruwa ta ƙasa, wato wadda aka tara ƙasa aka yi bangonta. Idan ta ɓalle, wa za a kama? Me zan riƙa dubawa?

Amsa: Malam, galibi mai fili ne ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ruwan ya yi wa na ƙasa da shi, ko da ba shi ya gina ba. Duba takardun filin, ka tabbatar bangon bai tsallaka iyaka ba, sannan ka tambayi hukumar ruwa ko ana buƙatar rajista.

Babban abokin gaban madatsar ƙasa shi ne ruwa ya haura kan bango, don nan da nan yake zaizaye shi. Ka share mafitar rarar ruwa kafin damina, ka bar tazarar kamar mita 1 tsakanin cikar ruwa da saman bango.

Ka zaga gindin bangon ta baya. Ruwa garau mai tsattsafowa kaɗan, a sa masa ido. Amma in ya fito da laka, ƙasar ciki ce yake kwashewa: rage ruwan, gargaɗi maƙwabta, kira injiniya a ranar.

Ciyawa kawai za ka bari a bangon. Saiwar bishiya in ta ruɓe hanyar ruwa take zama, haka ma ramin gafiya da gidan gara.